Kafin a kwashe tsohuwar manhaja zuwa intanet

Duk mai asusu a manyan bankunan Najeriya bai manta da watannin Satumba da Oktoban 2024 ba. A tsakanin nan ne Sterling da Zenith da GTBank suka sauya babbar manhajar da ke riƙe da lissafin abokan cinikinsu, kowanne ya tashi daga wadda ya daɗe a kanta ya koma sabuwa. An sanar da jama'a cewa aikin na ɗan lokaci ne, amma mutane suka shafe kwanaki, wasu ma makonni, suna tura kuɗi ba ya isa, suna buɗe manhajar waya ta ƙi buɗuwa, har hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta FCCPC ta fito ta gargaɗi bankuna. Waɗannan kuwa kamfanoni ne masu kuɗi da ƙwararrun ma'aikata. Irin wannan ƙaura ce yanzu take gaban ɗimbin waɗanda ba su kai su ƙarfi ba: dilolin sari, kamfanonin magani, asibitoci masu zaman kansu, makarantu, ƙungiyoyin gama kai, da ma'aikatun gwamnati da ke son mayar da tsohon tsarin kwamfutarsu kan intanet. Ra'ayina shi ne, makomar irin wannan aiki tana yankuwa tun kafin a taɓa kwamfuta, a cikin takardar da ke bayyana abin da ake buƙata, kuma rubuta wannan takarda nauyi ne na mai kasuwancin da kansa, wanda ba ya sauka don an biya ɗan kwangila.

Dalilan ƙaurar na gaskiya ne, ba ni da ja a kansu. Manhajoji da yawa da ke riƙe da lissafin kamfanoninmu an rubuta su ne da kayan aikin da masu su suka daina kula da su. Microsoft ya janye tallafinsa daga Visual FoxPro a 2015, daga Windows 7 a 2020, daga Windows 10 a Oktoban 2025. Sau da yawa wanda ya rubuta manhajar ya bar gari ko ya sauya sana'a, kwamfutar da take ciki guda ɗaya ce a ofishin akanta, ranar da ta ƙone kuwa lissafin shekara goma sha biyar ya tafi. Ga kuma rassa da aka buɗe a wasu garuruwa, ga mai gida da ke son ganin cinikin yini a wayarsa ko yana Dubai ko yana Makka. Inda nake da magana shi ne yadda ake fara aikin. A kira mai haɗa manhaja, a nuna masa tsohuwar, a ce masa: "Ka ga wannan? Ka yi mana irinta, sai dai ta zama onlayin." Ya kalli allo biyar ko shida, ya faɗi farashi, a yi ciniki, a ba shi kafin alƙalami. Kowa ya tashi yana ganin an fahimci juna.

Wannan jimla ba ta faɗi komai ba, domin babu wani mutum guda a kamfanin da ya san duk abin da tsohuwar manhajar ke yi. Kamar mutum ne ya kai wa tela rigar da ya shekara ashirin yana sawa ya ce a ɗinka masa irinta, alhali an sha buɗa ta, an rage hannu, an ƙara aljihu ta ciki, shi kansa ya manta da rabin gyaran. Kowace shekara akwai abin da aka cusa wa manhajar saboda wata matsala da ta taso. An sa ta ta hana a ba wani rukunin kwastomomi kaya bashi idan tsohon bashinsu ya wuce kwana talatin. An sa ta ta riƙa sayen kaya da katan tana sayarwa da dozin ko da ɗaiɗai, kuma ta san yadda za ta rage sito a kowane hali. An sa ta ta fitar da maganin da ya fi kusa da lalacewa kafin sabo. Waɗannan ƙa'idoji ba sa fitowa a kan allo, suna can cikin rubutun manhajar. Wasu kuma ba sa cikin manhajar ma sam, suna cikin kan ma'ajin sito da akanta, waɗanda suka san cewa rahoton ƙarshen wata yana zuwa da kuskure a wani layi, suna gyara shi da hannu a Excel kafin ya isa teburin manaja. Mai haɗa sabuwar manhaja ba zai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba idan ba a zauna an tono masa shi ba.

Ƙasar Kanada ta biya kuɗin wannan darasi da tsada. A 2016 gwamnatin tarayyarta ta ƙaddamar da tsarin biyan albashi mai suna Phoenix, wanda IBM ya gina a kan manhajar PeopleSoft, don ya maye gurbin wanda ya shekara kusan 40 yana aiki. Albashin ma'aikatan gwamnatin yana tafiya ne bisa ƙa'idoji kusan 80,000 da suka fito daga yarjejeniyoyi sama da 100 da ƙungiyoyin ƙwadago. Da aka ga kuɗin ginin zai zarce abin da aka ware, sai shugabannin aikin suka zaɓi su cire ko su ɗage ayyuka sama da 100 da tsarin ya kamata ya iya, ciki har da lissafin ariyas, suka rage gwaji, suka soke gwada shi a ma'aikata guda kafin a baza shi. A lokaci guda kuma aka soke guraben jami'an albashi kusan 1,200 da ke warwatse a ma'aikatu, aka tattara aikin a hannun mutane kusan 550 a garin Miramichi, da yawansu sababbi. Wato an sallami waɗanda suka haddace ƙa'idojin a daidai lokacin da aka fi buƙatarsu. Dubban ma'aikata suka koma ana biyansu ƙasa da haƙƙinsu, ko sama da shi, ko babu ko sisi na watanni, gyaran kuma ya ci biliyoyin dalar Kanada. Rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasar, Michael Ferguson, a 2018 ya ɗora laifin a kan shugabanci da rashin sa ido, wato a kan masu aikin da suka yanke shawarar abin da za a bari da abin da za a zubar.

Tono ƙa'idojin rabin aiki ne. Kowace ƙa'ida da aka tono sai an yanke mata hukunci: a riƙe ta, a zubar da ita, ko a sauya ta. A nan ne ake yawan kawo hujjar cewa duk wannan wahala ce ta banza, a sayi manhajar da aka riga aka gina, wadda dubban kamfanoni ke amfani da ita, a daidaita aiki da ita. Shawara ce mai kyau, kuma ga ƙaramin kamfani sau da yawa ita ce daidai. Sai dai ba ta ɗauke nauyin rubuta buƙatu, tana ƙara masa muhimmanci ne, domin sai ka san yadda kake aiki za ka san inda manhajar kasuwa ta saɓa maka. Kamfanin kantunan Lidl na Jamus ya fara komawa kan manhajar SAP a 2011, ya watsar da aikin a 2018 bayan kashe kusan Yuro miliyan 500 kamar yadda jaridun ƙasar suka ruwaito. Cikin manyan dalilan da aka ambata akwai abu guda mai kama da ƙarami: Lidl yana lissafa kayan sitonsa da farashin saye, manhajar kuwa an gina ta a kan farashin sayarwa, kamfanin ya ƙi sauya al'adarsa, aka yi ta lanƙwasa manhajar har aikin ya gagara. A gida ma mun ga makamancin haka da tsarin albashi na IPPIS, wanda aka fara a 2007 da kyakkyawar niyyar kawar da ma'aikatan bogi. Da aka zo shigar da jami'o'i, ƙungiyar malamansu ta ASUU ta yi ta kukan cewa tsarin bai san malamin da ya tafi hutun bincike ba, bai san malamin aro da ke koyarwa a jami'a ta biyu ba. Rikicin yana da siyasa da batun 'yancin jami'a a cikinsa, amma wannan ɓangaren nasa tambaya ce ta buƙatu tsantsa. Ya shiga cikin dalilan yajin aikin 2020 da na 2022, kafin majalisar zartaswa ta amince a fitar da manyan makarantu daga tsarin a Disambar 2023.

Yadda ake rubuta buƙatar ma yana da nasa sharaɗi, wanda shi ne a iya gwada ta. "Manhajar ta kasance mai sauri da sauƙin amfani" addu'a ce, babu alƙalin da zai iya yanke hukunci a kanta ranar da aka yi saɓani. Abin da ke da amfani shi ne a ce kashiya ya iya kammala rasit mai kaya goma cikin daƙiƙa kaza, da madannai kawai, a kan irin netwok ɗin da ke shagon da tsakar rana. Ko a ce idan kwastoma ya dawo da rabin kayan da ya saya da ragi, ga yadda za a lissafa abin da za a mayar masa, ga misali da adadi, ga amsar da dole ta fito. Mafi kyawun abin da kamfani zai miƙa wa mai haɗa manhaja shi ne tarin cinikin gaske daga littafinsa, musamman masu wuyar, kowanne da sakamakon da tsohon tsarin ya bayar. Wannan tarin shi ne jarrabawar da sabuwar za ta ci kafin a biya cikon kuɗi.

Sannan akwai buƙatun da tsohuwar manhajar ba za ta taɓa nuna wa kowa ba, domin komawa intanet ɗin ne ya haife su. Na farko kuma mafi girma a wajenmu: me zai faru idan sabis ya ɗauke? Tsohuwar tana aiki muddin janareta na kunne. Sabuwar tana rataye ne a kan layin da ba na mai kamfanin ba. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar bankuna da kamfanoni ta tsaya cik a ƙasashe da dama. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya, da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, saboda yaƙi da 'yan bindiga. A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe sama da mako guda babu wutar lantarki. Wanda ke da reshe a Gusau ko Funtuwa kuma bai rubuta a takardarsa cewa dole a iya ciniki babu netwok ba, a adana a na'urar, a haɗa lissafi idan sabis ya dawo, to ya amince ke nan shagonsa ya rufe duk ranar da layi ya yanke. Wannan buƙata ita ce ta fi kowace tasiri a kan yadda za a gina manhajar da kuma farashinta, kuma ba a iya liƙa ta daga baya cikin sauƙi. Tana jawo wata tambayar da mai kaya kaɗai zai amsa: idan rassa biyu suka sayar da katan na ƙarshe a lokacin da ba sa ganin juna, wanne ciniki ne ya tabbata?

Haka batun tsaro. A da, makullin ofis shi ne rabin tsaron, kuma ba mamaki ma'aikata biyar na shiga da kalmar sirri guda. Ranar da manhajar ta hau intanet, ƙofarta ta buɗe ga duk duniya. Dole a rubuta wa ke iya ganin me, wa ke iya soke rasit, wa ke iya sauya farashi, kuma kowane sauyi ya bar sawun wanda ya yi shi da lokacin da ya yi. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin kare su, kuma asibiti ko makaranta ba za ta kare kanta da cewa laifin ɗan kwangila ne ba. A rubuta kuma da sunan wa za a buɗe asusun ajiyar bayanan da adireshin shafin, wa ke da mallakar rubutun manhajar, da yadda kamfani zai kwashe bayanansa idan ya raba gari da mai haɗa ta. Kuɗin hayar ajiya a manyan kamfanonin waje galibi da dala ake lissafa shi, kuma wanda ya ga abin da ya sami naira tun daga Yunin 2023 ya san wannan layi ne da ya cancanci a lissafa shi na shekara biyar gaba.

Tsofaffin bayanan kansu su ne aka fi rainawa. Kwastoma guda yana iya zama mutum huɗu a rumbun, an rubuta shi Muhammad a nan, Mohammed a can, Muh'd a wani wuri, sannan da laƙabinsa na kasuwa, kowanne da nasa guntun bashi. Wa zai ce waɗannan mutum ɗaya ne? Wanda ya san shi. Harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a Fabrairun 2020, don haka rasit ɗin 2019 da aka sake bugawa a sabon tsari dole ya fito da tsohon adadi. Takardar buƙatu ta faɗi shekara nawa za a kwashe, me za a bari a ma'ajiyar tarihi, kuma ta kafa sharaɗin da ba ya karɓar uzuri: jimillar bashin da ake bin mutane, da wanda ake bin kamfani, da ƙimar kayan sito, su zo daidai har kwabo a tsoho da sabo kafin a kashe tsohon.

Ko an yi duk wannan, saura ranar ƙaurar. A Afrilun 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe bayanan abokan ciniki miliyan 5.2 daga tsarin bankin Lloyds zuwa sabon da wani reshen uwar kamfaninsa, Sabadell na Sifaniya, ya gina. Bayanan sun isa lafiya. Tsarin ne ya kasa ɗaukar jama'a da suka shigo, mutane kusan miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, wasu suka riƙa ganin asusun da ba nasu ba. Al'amura ba su daidaita ba sai Disamba, shugaban bankin Paul Pester ya sauka, asarar ta kai fam miliyan 330, hukumomi kuma suka ci tarar bankin fam miliyan 48.65 a 2022. Binciken da aka yi ya nuna an tsayar da ranar gamawa tun farko aka riƙa matsa aikin ya shiga cikinta, kuma ba a yi cikakken gwajin nauyi a kan duka cibiyoyin ajiyar bayanai biyu na sabon tsarin ba. Shi ya sa nake ganin takardar buƙatu ba ta cika ba sai ta faɗi mutum nawa tsarin zai ɗauka a ranar da ta fi cunkoso, kamar jajibirin Sallah ko ranar biyan albashi, da wane reshe za a fara gwadawa, da tsawon lokacin da tsoho da sabo za su yi tafiya tare, da alamar da idan aka gan ta za a dakata a koma baya, da sunan muƙamin da ke da ikon cewa a dakata.

Masu haɗa manhaja na zamani za su ce wannan tsohon yayi ne, tun 2001 aka fito da salon gina manhaja kaɗan-kaɗan ana nuna wa mai ita, maimakon rubuta kundi mai shafi ɗari uku da ba wanda zai karanta. Suna da gaskiya a kan kundin, kuma ba shi nake nema ba. Salon nasu ya fi dacewa da sabon abu, inda ba wanda ya san me jama'a za su so sai an gwada. A ƙaura kuwa amsar tana nan tun tuni, kuma gano ta ta hanyar kuskure yana nufin albashin wani bai shiga ba ko an caji kwastoma sau biyu. A gina kaɗan-kaɗan, a fara da ɓangaren rahoto ko na sito a bar na kuɗi zuwa ƙarshe, wannan shi ne daidai, amma kowane yanki a san ƙa'idojinsa kafin a taɓa shi. Wasu kuma za su ce yanzu manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya karanta tsohon rubutu su zayyano abin da yake yi. Suna iyawa, kuma a yi amfani da su, suna rage wahala sosai. Abin da za su faɗa shi ne me manhajar ke yi. Ko wannan abin ƙa'ida ce da aka yi da gangan, ko kuskure ne da aka saba da shi, ko doka ce da aka riga aka soke, wannan sai mutanen gidan. Gyaran da akanta ke yi a Excel kuwa babu shi a rubutun da za a ba na'urar ta karanta.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta kuɗi da lokaci, domin wannan tono yana ɗaukar makonni, yana kuma janye mafi amfanin ma'aikata daga bakin aikinsu. Haka ne. Amma tambayoyin nan dole a amsa su, ko a teburin shawara kafin a fara, ko a gaban kanta kwastomomi na tsaye a layi. Hanyar da ta fi adalci ga kowa ita ce a raba kwangilar gida biyu. A fara biyan kuɗin bincike da rubuta buƙatu shi kaɗai, takardar da ta fito ta zama mallakar kamfani, sannan a kai ta ga masu gini biyu ko uku su faɗi farashi a kan abu guda. Ɗan kwangilar da ya yanke farashi bayan kallon allo shida ko dai zai yi asara ya gudu ya bar aikin, ko ya dawo da "wannan ba ya cikin yarjejeniya" a kan kowane abu. A ma'aikatun gwamnati, inda aka saba haɗa komai a kwangila ɗaya don a kashe kuɗin kafin shekara ta ƙare, wannan rabon ya fi zama wajibi.

Wanda zai jagoranci rubutun daga ɓangaren kamfani ya zama mai ikon yanke hukunci a kan harkar kasuwancin, ba yaron da ke gyara firinta ba don kawai shi ake kira mai kwamfuta. Kuma a kula da tsofaffin ma'aikata. Ma'ajin siton da ya ji ana raɗe-raɗin cewa sabuwar manhaja za ta maye gurbinsa ba zai buɗe baki ya faɗi abin da ya sani ba, kuma ba za a ga laifinsa ba. A faɗa masa matsayinsa tun farko, a rage masa aikin yau da kullum na tsawon binciken, a zauna kusa da shi a ga yadda yake rufe lissafin wata da idanu, domin abin da mutum ke faɗa a taro ya sha bamban da abin da hannunsa ke yi. Idan an gama, shi da akanta da kashiya su karanta ɓangaren da ya shafe su, da Hausa idan ita suka fi ganewa, su sa hannu kafin mai gida ya sa nasa.